Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugabar NAFDAC a kan talidomaid, maganin da ya nakasa jarirai jiya kuma yake jinyar masu kansa yau

Zuwa ga Farfesa Mojisola Adeyeye,
Shugabar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, Abuja.

Ranki ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan alheri gare ki da ma'aikatan hukumarki.

Na rubuto ne a kan magani guda ɗaya, talidomaid, wanda likitocin jini a manyan asibitocinmu suke rubuta wa masu kansar ɓargo, wadda ake kira miyeloma. Magani ne mai amfani, kuma ba roƙon a hana shi nake yi ba. Damuwata ita ce ya iso hannunmu, amma tsaron da aka ɗaura masa a ƙasashen da suka fara yarda da shi bai iso da ƙarfinsa ba. Na zaɓi in rubuta da Hausa, a bainar jama'a, domin mutanen da haɗarin ya fi kusa da su ba sa karanta sanarwar Turanci.

Ke masaniyar harhaɗa magunguna ce, labarin Dakta Frances Kelsey ba baƙo ba ne a wurinki. Ki yi mini haƙuri in kawo shi saboda sauran masu karatu, don duk abin da zan roƙa daga aikinta ya samo asali.

An haife ta a 1914 a yammacin Kanada. Ta karanci ilimin magunguna a Jami'ar McGill, ta wuce Jami'ar Chicago neman digirin digirgir a ƙarƙashin Farfesa Eugene Geiling. Tana ɗaliba a can, a 1937, wani kamfani a jihar Tennessee ya fitar da maganin salfa, mai kashe ƙwayoyin cuta, na ruwa mai zaƙi don yara su iya sha. Garin maganin ba ya narkewa a ruwa, sai suka narkar da shi a wani sinadari mai suna dayitilin gilaikol, suka sa masa ɗanɗanon 'ya'yan itace, suka tura kasuwa ba tare da sun gwada gubarsa a jikin ko da ɓera ɗaya ba. Dokar lokacin ba ta tilasta musu ba. Sama da mutum 100 suka mutu, da yawansu yara, ƙodarsu ta daina aiki. Aka nemi ɗakin binciken Geiling ya gano abin da ke kisan. Kelsey na cikin waɗanda suka yi gwajin a kan dabbobi, suka tabbatar cewa salfar ba ta da laifi, abin da aka narkar da ita a ciki shi ne gubar. A 1938 Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa kamfani ya kawo shaidar cewa maganinsa ba ya cutarwa kafin ya sayar.

Wannan sinadari mun san shi, ranki ya daɗe, sanin da ba mu so ba. Shi ya kashe yara sama da 100 a Jos da Ibadan a 1990 ta cikin ruwan farasitamol, shekara uku kafin a kafa hukumar da kike shugabanta. Shi ne a cikin My Pikin, ruwan fitar haƙori da ya hallaka yara 84 tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, har da waɗanda aka kwantar a Zariya. Da shi aka gurɓata maganin tarin da ya kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Amsar tana rubuce tun 1937, amma rubutun bai kare yaran Zariya ba, domin babu wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya auna gangar sinadarin kafin a zuba ta a kwalba.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ana neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, Kelsey ta yi aiki a kan kwinin a jikin zomaye. Ta lura cewa zomanya mai ciki ba ta sarrafa maganin da sauri kamar wadda ba ta da ciki, kuma maganin yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, wanda jikinsa ba ya iya sarrafa shi ko kaɗan. A wancan zamani likitoci da yawa sun ɗauka mabiyiya tana tace duk abin da zai cutar da jariri. Ƙaramin bincike ne, ba wanda ya yi masa biki, amma ta riƙe shi a zuciya.

A 1960 ta kama aiki da hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA. Wata guda da zuwanta aka miƙa mata takardun kamfanin Richardson-Merrell na neman izinin sayar da talidomaid da sunan Kevadon. A ganin manyanta aiki ne mai sauƙi da ya dace da sabon shiga. Tun 1957 ake sayar da shi a Jamus ta Yamma da sunan Contergan, ba ma sai da takardar likita ba, a matsayin maganin barci da kwantar da hankali, mata masu laulayi kuma suna shan sa don tashin zuciya. Ƙasashe da dama sun riga sun karɓe shi.

Dokar lokacin ta ce idan kwana 60 suka wuce hukuma ba ta ce komai ba, izini ya tabbata da kansa. Kelsey ta karanta takardun, ta ga yawancin abin da aka kira bincike yabo ne kawai daga likitocin da aka ba maganin, babu gamsasshen bayani kan yadda jiki ke sarrafa shi ko abin da yake yi idan an daɗe ana sha. Ta mayar musu ta ce takardu ba su cika ba, lissafin kwana 60 ya koma farko. Haka ta riƙa yi. Wakilan kamfanin suka yi ta sintiri, ta waya da ta ƙafa, suna kai ƙararta wurin shugabanninta cewa ta cika taurin kai. A farkon 1961 ta ci karo da wata gajeriyar wasiƙa a mujallar likitocin Birtaniya, inda wani likita ya ba da labarin majiyyatansa da suka daɗe suna shan maganin, sai hannuwa da ƙafafunsu suka fara mutuwa. Nan ta tuna da zomayenta. Maganin da ke taɓa jijiyar babban mutum, me zai yi wa ɗan tayi? Ta ce kamfanin ya kawo shaidar cewa ba ya cutar da ciki. Ba su da ita.

A ƙarshen 1961 Dakta Widukind Lenz a Hamburg da Dakta William McBride a Ostireliya, kowa a nasa ɓangaren, suka danganta maganin da wata irin nakasa da ta yawaita a ɗakunan haihuwa. Jarirai sama da 10,000 a ƙasashe fiye da 40 aka haifa da guntayen hannuwa ko ƙafafu, wasu tafin hannun a manne da kafaɗa, wasu babu kunne, wasu da lalurar zuciya ko hanji, kuma da yawansu ba su yi tsawon rai ba. Kamfanin ya janye takardunsa a Maris na 1962, a watan Agusta Shugaba Kennedy ya ba Kelsey lambar yabo, a Oktoba aka sa hannu a sabuwar dokar magunguna.

Abin da ya fi burge ni a al'amarinta shi ne, lokacin da ta ƙi sa hannu ba ta san talidomaid yana nakasa jarirai ba. Ba ta da hujjar cewa yana cutarwa. Abin da ta gani shi ne babu hujjar cewa ba ya cutarwa, ta kuma ƙi ɗaukar rashin hujja a matsayin lafiya, sama da shekara guda ana matsa mata. A wurina wannan shi ne babban abin da ta bar wa duk wata hukumar magani a duniya, har da taki.

Ko a Amurkan ma ba a tsira gaba ɗaya ba. Takardun na kan teburinta, kamfanin ya raba ƙwayoyi sama da miliyan 2 ga likitoci fiye da 1,000 da sunan gwaji, aka ba mutane kusan 20,000, da yawa ba a gaya musu gwaji ake yi a jikinsu ba. An tabbatar da jarirai 17 da abin ya shafa. Shi ya sa dokar 1962 ta wajabta neman yardar mutum kafin a gwada magani a kansa, ta kuma wajabta wa kamfanoni kai rahoton duk illar da ta bayyana. Mu a Kano ba sai an yi mana dogon bayani a kan muhimmancin wannan ba. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya sa yara 200 a gwajin sabon maganinsa mai suna Trovan, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Daga bala'in talidomaid ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin sa ido kan illar magunguna a 1968, wanda Najeriya ta shiga a 2004.

Sai ga ikon Allah, maganin da duniya ta yi wa tofin Allah tsine ya dawo ta wata ƙofar. A 1964 wani likita a Birnin Ƙudus, Jacob Sheskin, ya ba wani mai kuturta don ya samu barci, sai ƙurajen da ke azabtar da shi suka lafa. A 1994 Robert D'Amato, a ɗakin binciken Judah Folkman a Boston, ya nuna cewa maganin yana hana sababbin hanyoyin jini tsirowa, ƙarin da cutar kansa ke haifarwa kuwa ba ya girma sai da su. A 1998, Kelsey tana nan a bakin aiki, FDA ta yarda a yi amfani da shi ga masu kuturta. Shekara guda bayan haka tawagar Bart Barlogie a jihar Arkansas ta wallafa sakamakon majiyyata 84 masu miyeloma waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu, kusan ɗaya cikin uku suka samu sauƙi. A 2006 aka amince da shi don wannan cuta, daga jikinsa aka samo lenalidomaid da fomalidomaid, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa talidomaid da lenalidomaid a jerin magungunan da ba a son kowace ƙasa ta rasa.

Miyeloma ba cutar nesa ba ce. A Amurka ta ninka wajen kama baƙar fata idan aka kwatanta da farar fata. Takan zo da ciwon baya da ba ya jin magani, ƙashi ya karye ba wani dalili, jini ya yi ta ƙarewa, ƙoda ta raunana, kuma dattawa ta fi kamawa. Ga iyalin da ke biyan kuɗin jinya daga aljihunsu, talidomaid na cikin abin da hannu ke iya kaiwa. Don haka zai ci gaba da shigowa, kuma ya kamata ya shigo.

Amma dubi sharuɗɗan da aka gindaya kafin a bar shi ya dawo. A Amurka sai likita da mai ba da magani da majiyyaci duk sun yi rajista. Macen da za ta iya ɗaukar ciki sai an yi mata gwaji sau biyu kafin ta fara, na biyun cikin awa 24 kafin a rubuta, sannan a ci gaba da gwajin muddin tana sha, tana kuma amfani da hanyoyi biyu na hana ɗaukar ciki. Namiji mai sha dole ya yi amfani da kwaroron roba, domin maganin yana fita a maniyyi. Ba a ba mutum fiye da na kwana 28, ba a sake ba shi da tsohuwar takarda, ba ya ba da jini, kuma haramun ne ya ba wani ko da ƙwaya ɗaya. Dalilin wannan tsanani shi ne ƙwaya ɗaya ta isa, kuma ɓarnar tana faruwa ne tsakanin kwana na 20 da na 36 bayan shigar ciki.

Ranki ya daɗe, ki auna waɗannan kwanaki da rayuwar gidajenmu. Lokaci ne da mace ba ta ma tabbatar ta yi ɓatan wata ba. Ko ta tabbatar, ciki a wurinmu, musamman na fari, ɓoye shi ake yi don kunya sai ya bayyana da kansa. Majiyyacin dattijo ne ko dattijuwa, amma ba shi ke riƙe da ledar magani ba. 'Yarsa ce, ko surukarsa, ko jikarsa da ke zaman jinya. Ita ta ga duk daren da Baba ya sha wannan ƙwaya yana samun barci, domin sa barci shi ne aikin maganin na asali. Daren da laulayi ko ciwon kai ya hana ta runtsawa, ko wata maƙwabciya ta yi kukan rashin barci, me zai hana a ce ungo wannan? Ba mugunta a ciki, tausayi ne, kuma raba magani a tsakanin 'yan uwa ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Idan kuma Allah Ya karɓi ran majiyyacin, ragowar maganin da aka sayar da gona aka saya ba a zubar da shi. Ajiyewa ake yi, ko a ba wani mai ciwon baya sadaka, ko a mayar wa mai kemis a karɓi wani abu. Akwai kuma dattijon da ke da amarya mai haihuwa, wanda idan likita bai cire nauyin baki ya gaya masa maganar maniyyi ba, ba wanda zai gaya masa.

Wannan ba hasashe ba ne kawai. A Burazil, inda ake raba talidomaid saboda yawan kuturta, an ci gaba da haifar jarirai masu irin wannan nakasa har bayan shekarar 2000, wasu kuma iyayensu mata ba su aka rubuta wa maganin ba, a hannun wani na gida suka samu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, idan hakan ta faru a nan ba lallai ne mu sani ba. Lenz ya gano matsalar ne saboda a asibiti ake haihuwa, ana rubutawa, sai ya ga adadin ya wuce ƙima. A Arewa maso Yamma mafi yawan haihuwa a gida ake yi. Jaririn da ya zo ba hannu za a ce ƙaddara ce, ko a ɗora wa iska, a ɓoye shi a ɗaki, kuma ba wanda zai tambayi uwar abin da ta sha wata takwas da suka wuce. Hukumarki tana da takardar kai rahoton illar magani mai ruwan ɗorawa, tana da manhajar Med Safety tun 2020, kuma na yaba da su. Sai dai an yi su ne don ma'aikacin lafiya mai babbar waya da Turanci. Ungozomar da za ta fara ganin jaririn ba ta cikin wannan lissafi. Ina roƙon a buɗe layin waya da za a kira a yi magana da Hausa, a sanar da shi ta rediyo, a kuma haɗa kai da hukumomin lafiya a matakin farko na jihohi don ungozomomi su san cewa irin wannan haihuwa abin kai rahoto ce, ba abin rufewa ba.

Kafin a kai ga nan, ƙofar fitar maganin ita ce abin tsarewa. Talidomaid da 'yan uwansa bai kamata su fita ta ko'ina ba sai ta ɗakin maganin asibitin da ke jinyar kansa, ko kantin da aka ware aka rubuta sunansa, inda mai harhaɗa magani zai zauna da majiyyaci da mai jinyarsa, ya ba da na wata guda, ya rubuta, ya kuma karɓi ragowar idan an daina sha ko an rasu. Wannan aiki ne na hukumarki da Majalisar Masu Harhaɗa Magunguna ta Najeriya. Kun nuna kuna iya aiki tare a 2024, lokacin da aka matsa wa masu sarin magani na Sabon Gari a Kano su koma cibiyar sarin magani ta Dangwauro. Tunda an tattara sari wuri guda, bin sawun magani ɗaya daga mai shigo da shi har zuwa gadon majiyyaci bai fi ƙarfinku ba.

Gargaɗin jikin kwali ma yana son gyara. Hoton mace mai ciki da aka ja wa layi ba ya wadatarwa, domin wadda ba ta karatu tana iya ɗauka maganin hana ɗaukar ciki ne, ko na zubar da shi, ta sha da gangan. A wajabta wa masu shigo da shi su liƙa gargaɗi da Hausar boko da ajami da sauran manyan harsunanmu, a naɗi saƙon murya na minti ɗaya da mai ba da magani zai tura wa iyali a waya. Metotireksat, wani maganin kansa da ciwon gaɓoɓi, shi ma yana son irin wannan kulawa, domin shi ma yana ɓata ciki, kuma masu ciwon gaɓoɓi da ake ba su sau ɗaya a mako sukan rikice su sha kullum.

Sai maganar ingancin abin da ke cikin kwalbar. A 2025 tawagar Farfesa Marya Lieberman ta Jami'ar Notre Dame, tare da abokan aikinsu na Afirka, ta wallafa sakamakon awon magungunan kansa da aka tattaro daga asibitoci da kantuna a Habasha da Kenya da Malawi da maƙwabciyarmu Kamaru. Kusan ɗaya cikin shida ba su ɗauke da adadin sinadarin da aka rubuta a jikinsu ba, wasu ya yi ƙasa sosai, wasu ya wuce, kuma yawancinsu ido ba ya gane su. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka auna, amma kasuwar duniya ɗaya muke saye, kuma hukumarki da kanta ta sha fitar da gargaɗi a kan jabun magungunan kansa irin su Avastin da Herceptin. Maganin kansa da ya gaza ba ya tona kansa. Majiyyaci ya rasu, a ce cutar ce ta yi ƙarfi. A ƙasar da ƙididdigar duniya ta 2022 ta nuna sama da mutum 120,000 sun kamu da kansa a shekara, kusan 80,000 sun rasu, ɗaukar samfuri daga ɗakunan maganin asibitocin koyarwa a kai a kai, a auna, a buga sakamakon da sunan kamfani, ba alfarma ba ce.

Duk waɗannan ba za su yiwu ba idan ƙaramin ma'aikacin da ke duba takardu yana tsoron ranar da mai shigo da kaya zai kira wani babba. Kelsey sabuwar ma'aikaciya ce, abin da ya cece ta shi ne shugabanninta sun tsaya a bayanta duk lokacin da aka kai ƙararta. A nan kuwa mun ga abin da tsayawa ke jawowa. Marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta riƙe kujerar da kike kai daga 2001 zuwa 2008, harbin motarta aka yi a Disamban 2003, kuma ita ma kansa ce ta yi ajalinta a 2014. Ma'aikacin da ya ce takardu ba su cika ba yana bukatar ya san cewa ba za a ɗauke shi daga teburinsa ba saboda haka, kuma ke kaɗai ce za ki iya ba shi wannan tabbaci a rubuce.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga NAFDAC zuwa mataki na uku na ƙwarewa, wanda ke nufin kuna da tsarin da za ku iya amsa tambayoyi irin nawa. Ina roƙon ki sa a sanar da jama'a, da Turanci da Hausa, nau'in talidomaid da lenalidomaid nawa ke da rajista a Najeriya, su wane ne ke shigo da su, a ina aka yarda a sayar, da wane sharaɗi, da kuma rahoton illa nawa ya iso hukumarki a kansu tun da aka fara shigo da su.

Allah Ya taya ki riƙo, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.
Daga wani mai harhaɗa magunguna a Kano.